Tasirin Saƙon Wayar Hannu a Kan Rubutun Hausa na Ɗalibai

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama da malaman Hausa a lokacin da suke duba takardun jarrabawa, da wuya ya tashi bai ji an ambaci wayar hannu ba. Kukan nasu kusan iri ɗaya ne, wato wai yaran yanzu ba su iya rubutu ba, kuma waya ce ta lalata su. Manufar wannan maƙala ita ce ta ɗan tsaya a kan wannan zargi, ta duba ko duk laifin na waya ne, ko kuwa akwai ɓarnar da ta tarar a ƙasa ta ɗora a kai. Za a taƙaita bayani a kan Hausar boko, sai dai inda ya zama dole a leƙa Ingilishi domin kwatance. Misalan da za a kawo kuwa an tsinto su ne daga irin saƙonnin da muke aika wa juna mu ɗalibai, da kuma littattafan aikin yaran da na koyar a darasin yamma lokacin dogon hutu.

Tun da farko ya kamata mai karatu ya sani cewa maganar ba ta tsaya ga makin jarrabawa ba. Wani baffana da yake sana'a a Legas ya taɓa aiko da kuɗi ta hannun wani yaro ɗan unguwarmu, a kai wa kakarmu. Bayan kwana biyu sai ya tambayi ƙanwata ko saƙo ya iso. Ita kuwa ta amsa masa da kalmomi uku: ya bata kudin. Abin da take nufi shi ne "ya ba ta kuɗin." Abin da baffa ya karanta shi ne "ya ɓata kuɗin." Kafin la'asar ya riga ya kira mahaifin yaron ya gaya masa maganganun da har yau ba a gama wanke su ba, ko da yake an gane gaskiya tun a ranar. Idan aka lura, kurakurai biyu ne suka haɗu suka haifar da wannan rigima. Na farko, an haɗe kalmomi biyu da ya kamata a raba. Na biyu, an bar ƙugiyar ɗ a cikin kuɗin, shi ya sa baffa ya ɗauka cewa b ɗin ma an manta da tata ƙugiyar ce, ya sa mata da kansa. A kan waɗannan kurakurai biyu mafi yawan wannan nazari zai gudana.

Yadda na'urar ta tsara rubutun

An aika da saƙon waya na farko a Ingila ranar 3 ga Disamba, 1992, a kan layin kamfanin Vodafone, kuma gaisuwar Kirsimeti ce. Mu a Nijeriya abin bai iso hannun talaka ba sai bayan 2001, shekarar da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisi a watan Janairu, kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta. A farkon lamarin ana biyan naira 50 a kan kiran minti ɗaya, ko da mutum bai cika mintin ba, saƙo kuwa naira 15. Sai a 2003 da Glo ya shigo aka fara lissafin kira da daƙiƙa. Ke nan ɗalibin da ba shi da kuɗi, saƙo ya fi masa arha, kuma dole ya yi dabarar da zai cusa maganarsa duka a cikin saƙo ɗaya.

Saƙo ɗaya kuwa gurbi 160 ne, kuma kowane harafi da kowane tazara da kowace aya sai ta ci gurbi. Akwai kuma wani abu da ya shafi Hausa musamman, wanda ba kasafai ake ambatonsa ba. Jerin haruffan da aka tanadar wa saƙon waya an yi shi ne domin harsunan Turai ta Yamma, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a ciki. Da zarar mutum ya sa ɗaya daga cikinsu, sai wayar ta koma wani tsari na daban wanda gurbi 70 kawai yake ɗauka. Ma'ana, wanda ya nace sai ya rubuta Hausa daidai, zai iya biyan kuɗin saƙo biyu ko uku a kan abin da wani zai aika a saƙo ɗaya. Wannan ma a wayar da take da haruffan ke nan, alhali wayoyin farko ba su da su sam.

Sai kuma wahalar dannawa. A wayoyi irin su Nokia 3310, haruffa uku ko huɗu ne a kan madanni ɗaya. Kafin a rubuta lafiya sai an danna sau 14, amma lfy sau 9 ne. Harafin z sai an danna sau huɗu, x kuwa da yake zaune a madanni ɗaya da shi sau biyu ne. A ganina daga nan aka samo xan da xuwa a madadin zan da zuwa, tun da Hausa ba ta amfani da x balle a ce za a rikita. Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan dalilai sun gushe. WhatsApp da aka ƙirƙiro a 2009 ba shi da iyakar gurbi 160, wayoyin shafa kuma kowane harafi da gurinsa. Amma salon da ƙunci ya haifar ya zauna daram, har ya zama ado ga yaran da ba su taɓa riƙe waccan tsohuwar waya ba.

Ire-iren sauye-sauyen da ake gani

Nau'i na farko shi ne zubar da wasula, kamar slm, ykk, lfy, ngd, gsky, wlh. Wannan shi ya fi ɗaukar ido, kuma shi malamai suka fi kawowa misali, amma a hakikanin gaskiya shi ne mafi ƙarancin haɗari. Dalili kuwa, bai wuce 'yan kalmomin gaisuwa da rantsuwa waɗanda kowa ya san su ba. Taƙaita kalma kuma ba baƙon abu ba ne a rubutunmu, domin tun kafin waya muna rubuta Alh. da Mal. da S.A.W. da ds., ba wanda ya ce harshe ya lalace. Harshen da kansa ma ba zai bari abin ya yi nisa ba. A Larabci baƙaƙe ne suke ɗauke da tushen ma'ana, shi ya sa ake iya karanta manyan littattafai ba wasali. Hausa ba haka take ba. Wanda ya rubuta krt, ba a san ko karatu yake nufi ba, ko kurtu, ko karta. Saboda wannan ne ma marubutan ajami, duk da cewa da haruffan Larabci suke aiki, suka saba sa wa rubutunsu wasula.

Nau'i na biyu shi ne musanya harafi da wani, kuma a nan akwai abin sha'awa. Ana rubuta qasa da qarya a madadin ƙasa da ƙarya, ana rubuta 6arawo da ta6a saboda lambar 6 ta yi kama da ɓ, ana kuma rubuta d'aki da k'ofa da b'era, musamman a cikin labaran da marubuta suke sakawa a zaurukan WhatsApp. Zaɓen q bai zo a banza ba, domin a ajami da ƙaf ake rubuta wannan sauti, kuma duk wanda ya yi Islamiyya ya saba ganin an rubuta ƙaf da q a boko. Shi kuwa ɗan waƙafin da ake maƙalawa a gefen harafi, komawa ce aka yi ga abin da aka baro. Tun daga ƙa'idojin da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, an yi ta gwada hanyoyin nuna waɗannan sautuka, wasu su ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu su sa waƙafi a gefensa, har aka tsaya a kan baƙaƙe masu ƙugiya a shekarun 1930, zamanin da Rupert East yake jagorantar aikin talifi a Zariya. Matasan yau, ba tare da sun san wannan tarihi ba, sun ci karo da matsalar da maɗaba'ar farko ta ci karo da ita, sun kuma warware ta kusan yadda aka fara warware ta.

Don haka ni ban ga ya dace a haɗa mai rubuta qasa da mai rubuta kasa a kwando ɗaya ba. Na farkon kunnensa ya ji bambancin k da ƙ, ya kuma damu har ya nemi hanyar nuna shi. Na biyun ya bar wa mai karatu aikin ne, ya yi ta laluben ko fada ake nufi ko faɗa, ko kafa ko ƙafa, ko bari ko ɓari. Ya kamata a tuna cewa rubutun boko tun asali ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Kalmar gari ta birni da gari na tuwo duk rubutu ɗaya ne, haka fari na launi da fari na rashin ruwan sama. Mai karatu ya riga ya ɗauki wannan kaya, ya dogara ga muhallin magana domin ya sauke shi. Idan aka ƙara masa da zubar da ƙugiya, an ɗora masa kaya a kan kaya.

Akwai kuma wasu sauye-sauyen da ba su da wani dalili sai kwalliya ko tasirin Ingilishi. Misali dae da sae da kae a madadin dai da sai da kai, ko nah da tah da bah, ko chewa da chikin inda aka aro ch ta Turanci. Har da Ba2re da 2wo, waɗanda ba za su karantu ba sai an kira lambar da sunanta na Ingilishi. Waɗannan yayi ne, kuma yayi yakan wuce.

Rabawa da haɗa kalmomi

A nan ne ciwon yake. A cikin littattafan yaran da na duba, da ƙyar na ci karo da slm ko lfy a insha'i, domin ko yaro ɗan aji ɗaya ya san wannan rubutun waya ne, ba na malam ba. Amma yace da tace da nagode da zanzo da bazan da dashi, babu shafin da babu su. Yaron da ya rubuta lfy ya san ya taƙaita. Wanda ya rubuta yace kuwa bai san ya yi kuskure ba, a zatonsa haka kalmar take. Kuskuren da mai shi bai san kuskure ba ne, shi ne yake bin sa har zauren jarrabawa.

Ƙa'idar ba boyayya ba ce. An yi ta zama a kanta tun daga Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, zuwa taron Bamako na 1966, da na Kano na 1972, da na Yamai na 1980 wanda ya nemi daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Wakilin sunan da yake zuwa kafin aikatau ana raba shi da aikatau, kamar ya ce, ta zo, sun tafi. Wanda yake zuwa bayan aikatau ma haka, kamar ya gan shi, ya ba ta. Gajeriyar mallaka kuwa haɗe ta ake yi, kamar gidansa da rigarta. Ana rubuta zan da zai a haɗe, amma za ka da za su a rabe. Dirka, wato ne da ce, ita kaɗai take tsayawa. Amfanin wannan duka shi ne bambance ma'ana. Akwai bambanci tsakanin ta fi da tafi, kuma sunan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939 ya isa misali, don in aka haɗe kalmomin tsakiya sai ya zama ana korar gaskiya ne. Haka na sa da nasa, da ka sa da kasa, da akan yi da a kan tebur.

To, shin waya ce ta kawo wannan? Amsa ita ce a'a. Duk wanda ya buɗe tsofaffin wasiƙun gidansu, ko ya karanta rubutun jikin motocin haya da allunan shaguna, zai ga wannan kuskure ya girmi waya nesa ba kusa ba. Littattafan soyayya da suka fara cika kasuwar Kano daga tsakiyar shekarun 1980 ma an yi ta sukar su a kan haka, tun kafin kowa ya san za a yi salula. Tushen abin shi ne, a baki ya ce furuci ɗaya ne, ba a tsayawa a tsakani, kuma wanda ba a koya masa ba yadda ya ji zai rubuta. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa, amma a aikace yara da yawa sun gama firamare ba a taɓa zaunar da su an nuna musu inda ake raba kalmar Hausa ba. Makarantun kuɗi da dama ma har tara ake ci in yaro ya yi Hausa a aji.

Sai dai kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da waya ta ƙara shi ne yawa. Ƙa'idar rubutu ba haddar doka ake yi a iya ta ba, ido ne yake sabawa da surar kalma, sannan hannu ya bi. Ɗalibin shekarun 1970 bai cika karanta Hausa da yawa ba, amma ɗan abin da yake karantawa, irin su Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da jaridar Gaskiya, rubutu ne da ya bi ta hannun masu tacewa. Ɗalibin yau yana karanta Hausa fiye da wancan ninki ba adadi, tun daga asuba har ya yi barci, amma kusan duk abin da yake karantawa ba wanda ya tace shi. In ya ga yace sau ɗari a waya, ya ga ya ce sau ɗaya a littafin aji, ba sai an tambayi wanda idonsa zai ɗauka daidai ba. Ni kaina da nake nazarin harshen, nakan kama hannuna ya rubuta nagode, sai na dawo na raba.

Abin da aka gano a Ingilishi

Wannan muhawara an riga an yi ta a ƙasashen Turawa. A 2003 jaridun Birtaniya sun yi ta yayata labarin wata yarinya 'yar shekara 13 a Sikotilan, wai ta rubuta insha'inta gaba ɗaya da salon saƙon waya. Masanin harshe David Crystal, a littafin da ya fitar a 2008 a kan wannan batu, ya nuna shakku game da labarin, ya kuma kafa hujja da cewa taƙaitattun kalmomi kaɗan ne a cikin saƙonnin da ake aikawa, kuma yawancin dabarun sun daɗe a harshen. Haka nan Beverly Plester da Clare Wood na Jami'ar Coventry sun yi bincike a kan yara 'yan shekara 10 zuwa 12, suka gano cewa waɗanda suka fi amfani da salon saƙo ba su gaza ba a karatu, hasali ma sukan fi takwarorinsu. Bayanin da aka bayar shi ne, wasa da sauti da harafi yana buƙatar a san yadda sauti da harafi suke hulɗa. A ɗaya ɓangaren kuma, Drew Cingel da Shyam Sundar sun fitar da wani bincike a Amurka a 2012, wanda ya nuna alaƙa tsakanin yawan amfani da wannan salo da raunin nahawu a wurin yara.

Wasu daga cikinmu sukan ɗauko sakamakon Coventry su ɗora a kan Hausa kai tsaye, su ce ashe babu matsala. Ina ganin a nan akwai gaggawa. Yaron Ingila da ya rubuta b4 ya shafe shekaru ana koya masa cikakkiyar kalmar, yana ganin ta a littafi da jarida da allon hanya, ita kanta wayar ma tana gyara masa in ya kuskure. Yana kauce wa ƙa'idar da ya sani ne da gangan. Yaronmu kuwa sau da yawa waya ce wuri na farko da ya fara rubuta Hausa, ba shi da wata ƙa'ida a ka balle ya kauce mata. Wayar tasa kuma, in da Ingilishi aka saita ta, maimakon ta gyara masa sai ta mayar masa da kalmar Hausa wata ta Turanci. Abin da za mu iya ɗauka daga wancan bincike shi ne abin da aka riga aka faɗa game da mai rubuta qasa, wato ƙirƙira alama ce ta fahimta. Sauran kuwa sai mun auna da mudunmu.

Ginin jimla da tsarin insha'i

Akwai wani tasirin da ya fi wuyar nunawa da yatsa, amma duk mai duba insha'i yana jin sa. Saƙon waya hira ce da aka rubuta. Mutum yakan jefa rabin magana ya aika, ya jira amsa, ya ƙara rabi. In abokin hira bai gane ba, nan take zai tambaya. Babu buƙatar aya ko waƙafi, domin danna aikawa shi ne ayar, ɗan hoton fuska mai dariya ko kuka kuma ya ɗauke aikin bayyana yanayin rai. Rubutun insha'i akasin haka yake. Mai karatu ba ya nan, ba zai iya tsayar da marubuci ya ce me kake nufi ba, saboda haka dole marubuci ya hango tambayar ya amsa ta tun kafin a yi.

A da wasiƙa ce take koya wa yaro wannan. Yaron da ya kai aji huɗu ko biyar a ƙauye shi ne magatakardan unguwa. Tsohuwa za ta kira shi ta zaunar, ta faɗi abin da take so a gaya wa ɗanta da ke bariki, shi kuwa ya tsara: gaisuwa da fatan alheri tukuna, sannan bayan gaisuwa a kawo buƙata, a bi da labarin gida da na damina, a rufe da gaida wane da wance. Ya san takardar za ta yi mako a hanya, in ya bar gibi ba mai cikewa. Wannan horo ne na tsara tunani wanda babu kamarsa, kuma ya tafi. A insha'in yaran da na koyar, abin da na fi gani shi ne shafi guda babu sakin layi, jimloli a jere kamar ayarin raƙuma, sai kaza sai kaza sai kaza. Kalmomin da suke ɗaure hujja da hujja, irin su ko da yake, duk da haka, saboda haka, da wuya a gan su. Ba zan ce waya kaɗai ce ta jawo wannan ba, domin ajin da yake da yara fiye da yadda malami zai iya duba aikinsu shi ma yana da nasa kason. Amma salon hira a rubuce a fili yake.

Duk da haka, adalci ne a faɗi alherin abin. Ba a taɓa samun zamanin da Hausawa suke rubuta harshensu da yawa kamar wannan ba. Matar da ta bar makaranta a firamare, wadda da a da ne karatun zai zube mata cikin 'yan shekaru, yanzu kullum tana karantawa tana rubutawa. Tela da direba da mai kayan miya suna ciniki a rubuce. Sakkwatanci da Katsinanci da Hausar Damagaram, waɗanda daidaitacciyar Hausa ta rufe musu ƙofar littafi, sun sami filin fitowa, kuma wannan taska ce ga mai nazarin karin harshe. Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba saƙon rubutu ba ne, saƙon murya ne, wanda WhatsApp ya shigo da shi a 2013. Ga kakarmu rahama ce, domin yanzu da bakinta take gaya wa baffa ko kuɗi sun iso. Amma ga ɗalibi, ya ɗauke masa ɗan dalilin da ya rage na sa hannu ya rubuta. A zauren ajinmu na WhatsApp, da zarar magana ta yi tsawo ko ta yi zafi, wato daidai inda ake buƙatar a tsara jimla, sai a ga an daina rubutu an koma murya. Mai rubuta yace ana iya gyara masa. Wanda ya daina rubutu gaba ɗaya babu abin da za a kama a gyara.

Abin da malami zai iya yi a aji

Hana yara waya ba zai yiwu ba, kuma zagin salon nasu ba ya ƙara komai sai nisa tsakaninsu da malami. Abu mafi sauƙi shi ne a fara da na'urar kanta. Madannan Gboard da suke zuwa a wayoyi da yawa suna da Hausa, in aka zaɓe ta za a sami ɓ da ɗ da ƙ ba tare da wahala ba, amma ɗalibai da yawa, har da na sashenmu, ba su san da haka ba. Minti biyar ya isa a nuna wa aji guda. Bayan wannan sai a shigo da saƙon cikin darasi, a mai da shi abin nazari. Maimakon a rubuta doka a allo a ce a haddace, a ba yara saƙo mai harshen damo su fito da ma'anoninsa da kansu, sannan su ga cewa tazara da ƙugiya ne suke raba gardama.

Na gwada wannan a darasin yamma. Na ba su labarin baffa, suka yi dariya har da riƙe ciki, sannan na rubuta baki a allo na ce kowa ya kawo jimlolin da wannan rubutu zai iya shiga in a waya ne. Wata yarinya 'yar aji biyu ta kawo biyar: bakin da ake cin abinci da shi, da baƙi na launi, da baƙin da suka zo daga tafiya, da ba ki zo ba, da kuma ya ba ki. Wani yaro ya ƙara da baƙi na rubutu, abokin wasali. Mako guda bayan haka na ba su shifta. Ƙugiya ta samu sosai, har wasu suna sa ta inda babu ita, wani ma ya rubuta mini ƙasuwa. Ba ta da ba ki kusan kowa ya raba su daidai. Amma yace da tace suna nan yadda na same su, sai a littafin yara biyu ko uku.